Da a ce Ford ya sayi Ferrari a 1963, me zai faru da ita?

Baban Ummi, Berger:
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Jiya da yamma wani abokin ciniki ya zo wurinmu a Berger yana neman Camry 'yar tokunbo, muna cikin ciniki sai ga wata jar Ferrari a bayan tirela, an ɗaure ta tam, da alama daga tashar Tin Can aka fito da ita za a kai wa mai ita. Mutumin ya bi ta da kallo, ya ce da shi ne mai kamfanin Toyota da tuni ya saye masu ƙera wannan mota, tunda kuɗi ba matsalarsa ba ne. Maganar ta tsaya mini a rai, domin abin da ya faɗa an taɓa gwada shi. A 1963 kamfanin Ford na Amurka, ƙarƙashin Henry Ford II, ya yi nisa wajen cinikin Ferrari, har an aika ma'aikata zuwa Maranello, garin da Ferrari take a Italiya, sun ƙidaya kayan masana'anta, an kuma rubuta yarjejeniya. Ana gab da sa hannu Enzo Ferrari, mai kamfanin, ya janye, saboda ya ga an rubuta cewa idan kuɗin da zai kashe a gasar tsere ya wuce wani adadi, sai ya nemi izini daga Amurka. Tambayata ga manya da ƙanana ita ce: da a ce ya sa hannu a ranar, shin Ferrari za ta kai inda take a yau, ko kuwa da ta zama wani reshe kawai a cikin jerin motocin Ford?

Injiniya, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, tambayarka tana da amsa a cikin tarihin Ford ɗin kansa, ba sai mun yi hasashe mai nisa ba. Akwai wani tsohon gidan zana jikin mota a birnin Turin mai suna Ghia, wanda a zamaninsa manyan masu kuɗi ke kai masa shasi ya gina musu bodi da hannu. Ford ya shiga cikinsa a farkon shekarun 1970, kuma bayan 'yan shekaru sunan Ghia ya koma ɗan tambarin da ake liƙawa a jikin Granada da Escort, daga baya Fiesta da Mondeo, don a nuna cewa wannan ita ce mai kujeru masu laushi da ɗan katako a dashbod. Ni da kaina na gyara Mondeo Ghia ba adadi, kuma ban taɓa haɗuwa da mai ita wanda ya san cewa wannan suna na wasu gwanaye ne a Italiya ba. Haka aka yi wa Vignale, shi ma gidan bodi ne na Turin. Ra'ayina shi ne da cinikin 1963 ya faɗa, da ba za a daɗe ba za mu ga dokin nan mai tsalle na tambarin Ferrari a jikin Mustang ko Capri na Ford, kuma daga ranar da talaka ya iya sayen tambarin, mai kuɗi ya daina sha'awarsa.

Hajiya Maman Sadiq, Obalende:
Injiniya, Allah ya ƙara girma, amma ina ganin misalin Ghia bai yi daidai da Ferrari ba. Ghia ba ya ƙera injin, ba ya shiga gasa, kuma a lokacin da aka saye shi sana'ar gina bodi da hannu tana mutuwa ne gaba ɗaya, domin kamfanoni sun koma haɗa shasi da bodi a matsayin abu guda. Abin da ya rage mai daraja a gidan suna ne kawai, shi kuwa aka yi amfani da shi. Idan ana son a ga yadda Ford ke riƙon kamfanin motocin alfarma mai rai, Aston Martin ya kamata a duba. Ford ya karɓi mafi yawan hannun jarinsa a 1987, lokacin da kamfanin ke ƙera motoci ƙalilan a shekara kuma ya sha faɗuwa a baya. A hannun Ford aka fitar da DB7, wadda aka ƙera kusan 7,000, aka gina sabuwar masana'anta a Gaydon a 2003, aka fitar da DB9. Ba a taɓa liƙa tambarin Aston Martin a jikin Escort ba. Ni a banki nake aiki, kuma abin da nake gani kullum shi ne ƙaramin kamfani mai fasaha ba rashin gwaninta ke kashe shi ba, rashin jari ne a lokacin da doka ko kasuwa ta canja. Ferrari ta 1963 tana cikin irin wannan hali, shi ya sa ma aka zauna teburin ciniki tun farko.

Ɗan Ladipo:
Hajiya, gaskiya ne, amma a ƙara da cewa DB7 ɗin an gina ta ne a kan tsohon ginshiƙin Jaguar XJS, kuma fitilunta na baya na Mazda 323F ne, domin duk a lokacin suna da alaƙa da Ford. Mu da muke sayar da sifiya mun san wannan harka sosai.

Hajiya Maman Sadiq, Obalende:
Ƙanena, na san da haka, kuma ban ɗauke shi aibi ba. Da sun tsaya sai sun zana fitila tasu da makunnin gilashi nasu, da kuɗin bai kai su ga fitar da motar ba.

Alhaji Na Kaduna, Agege:
Na karanta abin da kuka rubuta duka, kuma ina so in ja hankalinku ga abin da kuka tsallake. Kuna magana kamar zaɓi biyu ne kawai, ko Ford ya saya ko Ferrari ta tsaya da ƙafarta. Ai ba ta tsaya da ƙafarta ba. Shekara shida bayan wancan ciniki, a 1969, kamfanin Fiat ya karɓi kashi 50 cikin ɗari na Ferrari, kuma Fiat shi ne mai ƙera ƙananan motocin da ma'aikaci da manomi ke hawa a Italiya, wato shi ma kamfanin motocin gama-gari ne kamar Ford. Bayan rasuwar Enzo a 1988 kason Fiat ya kai kashi 90, ɗansa Piero ya riƙe 10. Ke nan abin da Baban Ummi yake tambaya ya riga ya faru, sai dai da wani mai saye daban.

Abin dubawa shi ne bambancin sharuɗɗan. Gianni Agnelli na Fiat ya karɓi ɓangaren motocin hanya, ya zuba kuɗi aka faɗaɗa masana'anta, amma ya bar wa tsohon ikon ƙungiyar tsere, wanda shi ne ainihin abin da Ford ya so ya sa wa linzami. Enzo bai damu da motocin hanya ba kamar yadda ya damu da tsere, yana sayar da su ne domin ya samu abin da zai ciyar da gasa. Wanda ya gane wannan ya samu kamfanin cikin sauƙi, wanda bai gane ba ya koma gida hannu rabbana. Mu a kasuwar shanu mun san irin wannan ciniki: akwai dattijon da zai sayar maka da garke duka, amma idan ka nuna za ka riƙa gaya masa inda zai kai su kiwo, sai ya fasa ko nawa ka saya. Saboda haka ni ban ɗauki girman kamfanin da ya saya a matsayin matsala ba, wa ke yanke hukunci bayan an sa hannu shi ne matsalar.

Ɗalibi, Akoka:
Baba Alhaji, ina neman izini in ƙara wani abu a kan maganarka. Tun kafin 1969 akwai alaƙa tsakaninsu. Dokar gasar Formula 2 ta buƙaci injin da aka ƙera aƙalla 500 a motocin hanya, Ferrari kuwa ba ta da ƙarfin yin haka, sai Fiat ya ƙera motar Fiat Dino daga 1966 da injin V6 na Ferrari. Sunan Dino na ɗan Enzo ne, Alfredo, wanda ya rasu a 1956. Abin da ya burge ni shi ne ko a nan ba a sa sunan Ferrari a jikin motar Fiat ba. Har ƙaramar motar tsere ta hanya da Maranello ta fitar da wannan injin, da sunan Dino aka sayar da ita. Wannan yana nuna cewa tun wancan lokaci sun san darajar ɓoye sunan.

Sannan akwai abin da duniya za ta rasa da cinikin ya faɗa. Fushin da Henry Ford II ya yi shi ne ya haifi GT40, motar tseren da Ford ya ƙera don ya kayar da Ferrari. Ferrari ta ci gasar awa 24 ta Le Mans sau shida a jere daga 1960 zuwa 1965, Ford ya sha kaye a 1964 da 1965 motocinsa ba su ma kai ƙarshe ba, sannan a 1966 ya ɗauki na ɗaya da na biyu da na uku, ya ci gaba da ci har 1969. Ferrari ba ta sake cin wannan gasa gaba ɗaya ba sai a 2023. Da Ford ne mai Ferrari, babu dalilin da zai sa ya ƙera motar da za ta kayar da kayansa.

Injiniya, Idi-Araba:
Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka yi karatu. Alhaji kuma na yarda da kai cewa iko shi ne kan magana, amma ina ganin ka sauƙaƙa abin. Ko da Ford ya cire wancan sharaɗi ya bar wa Enzo tsere, akwai abin da takarda ba ta iya rubutawa, wato haƙuri. Ferrari ta yi shekara 21, daga 1979 zuwa 2000, ba ta samu direban da ya zama zakaran duniya a Formula 1 ba, kuma duk tsawon wannan lokaci Fiat bai janye hannunsa ba, har Michael Schumacher ya zo ya ci sau biyar a jere. Me ya sa Fiat ya daure? Domin a Italiya Ferrari kamar tutar ƙasa ce, kuma gidan Agnelli ba zai iya fita titi ba idan aka ce shi ya rufe ta. Manajan da ke zaune a hedikwatar Ford ta Dearborn a Amurka ba ya jin wannan nauyi, shi lissafin wata uku-uku yake dubawa. Ku duba abin da Ford ya yi da De Tomaso Pantera, wadda ita ce ta maye masa gurbin Ferrari da ya rasa: bodi na Italiya, injin V8 na Ford, ana sayarwa a shagunan dillalan Lincoln da Mercury daga 1971. Da rikicin man fetur na 1973 ya zo tare da sababbin dokokin Amurka kan hayaƙi da bamba, cikin ɗan lokaci ya daina shigo da ita. Wannan shi ne ma'aunin haƙurinsa a wancan zamani.

Alhaji Na Kaduna, Agege:
Injiniya, a kan haƙuri ban musa maka ba, kuma akwai misalin da ya shafe mu kai tsaye wanda matasa ba su sani ba. Citroën na Faransa ya sayi Maserati a 1968. Sun yi aiki mai kyau tare, an sa injin Maserati a Citroën SM, an kuma sa tsarin haidirolik na Citroën a Maserati Bora da Merak da Khamsin. Da Citroën ya durƙushe a 1974, Peugeot ne ya karɓe shi, kuma Peugeot ya duba littafi ya ga ba shi da buƙatar motar da ke shan mai kamar rijiya a lokacin da mai ya yi tsada. A 1975 aka sanar da rufe Maserati, sai da gwamnatin Italiya ta sa baki tare da Alejandro de Tomaso aka ceto ma'aikatan masana'antarta ta Modena. A wannan shekarar ta 1975 ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara fitar da motoci. Ina saurayi a lokacin, na ga yadda 504 ta cika ƙasar nan, daga motar gwamnati har ta haya daga Kaduna zuwa Ikko. Ban ga laifin Peugeot ba a fuskar kasuwanci, domin 504 ita ce ke ciyar da gida, amma wannan ya nuna mini cewa idan babban kamfani ya shiga matsi, ɗan lelen da aka sayo shi ne farkon wanda ake sallama. Abin mamaki kuma, tun 2021 Peugeot da Maserati sun sake zama ƙarƙashin inuwa ɗaya a haɗakar kamfanonin motoci ta Stellantis.

Baban Ummi, Berger:
Alhaji, wallahi ban taɓa sanin wannan alaƙa ta Peugeot da Maserati ba, na gode. To amma idan haka ne, me za mu ce game da Volkswagen? Ga shi nan a gabanmu, shi ne ya ƙera danfon da ke cika Oshodi da Mile 2, shi ne ya yi masana'antar Beetle a Ojo har tashar motar wurin ake kira Volks, amma shi ne kuma mai Lamborghini da Bentley. Ban ga alamar sun lalace a hannunsa ba.

Ɗan Ladipo:
Yallabai Baban Ummi, a nan ne nake so in yi magana da ɗan tsawo, domin wannan ɓangaren sana'ata ne. Lamborghini ta gwada hannu biyu, kuma sakamakon ya bambanta. Chrysler na Amurka ya saye ta a 1987, a hannunsa aka ƙarasa Diablo aka fitar a 1990, amma da kasuwa ta yi sanyi sai ya sayar wa wasu 'yan kasuwar Indunusiya a 1994, shekara bakwai ke nan kacal. A 1998 Audi, wanda reshen Volkswagen ne, ya karɓe ta, a shekarar da shugaban Volkswagen na lokacin, Ferdinand Piëch, ya sayo Bentley da sunan Bugatti. Har yau tana hannunsu. Gallardo da suka fitar a 2003 an ƙera ta kimanin 14,000 cikin shekara goma, adadin da kamfanin bai taɓa kusantarsa ba a baya, kuma a 2023 Lamborghini ta sayar da motoci sama da 10,000 a shekara guda.

Yadda suka yi shi ne abin lura. Abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji sun bar wa Italiyawa a Sant'Agata, garin Lamborghini, wato zanen jiki da ƙarar injin. Abin da ke ɓoye kuwa, wayarin da na'urar sanyaya ɗaki da kwamfutar mota da firikwensin nan da nan, daga rumbun Audi ake ɗauko da yawa. Idan makanike ya kawo mini wani ƙaramin kaya daga Bentley Continental ko Porsche Cayenne, abu na farko da nake yi shi ne in juya shi in duba lamba, kuma sau da yawa zoben Audi huɗu ko tambarin VW nake gani a jiki. Urus, jif ɗin Lamborghini da ake gani a Lekki da Ikoyi, ginshiƙinta ɗaya da na Audi Q8 da Touareg da Cayenne da Bentayga. A wurin mai mota a Legas wannan alheri ne, domin kayan da za a jira wata biyu daga Italiya ana iya samunsa a Ladipo ko a yi odarsa cikin mako. Kuma mu faɗi gaskiya, motar da cikinta ke kusa da ƙasa ba ta da sakewa a garin da ruwa ke cika titi da damina, ga tudun rage gudu a kowace unguwa. Urus ce ta sa Lamborghini ta zama motar da ake hawa a nan, ba wadda ake ajiyewa a rufe da tampol ba.

Injiniya, Idi-Araba:
Ɗan Ladipo, duk abin da ka faɗa haka yake, kuma a matsayina na mai gyara na fi kowa jin daɗinsa. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, Piëch jikan Ferdinand Porsche ne, injiniya ne da ya yi aikin motar tsere ta Porsche 917 da hannunsa kafin ya hau kujera. Mutumin da ya tilasta a ƙera Bugatti Veyron mai ƙarfin doki 1,001 da gudun da ya wuce kilomita 400 a awa, alhali an ƙera 450 ne kawai, ba lissafin riba ne kaɗai ke tuƙa shi ba. Irin wannan shugaba ba kullum ake samunsa ba, kuma bayan tafiyarsa an ga Bugatti ta koma haɗin gwiwa da kamfanin Rimac a 2021. Na biyu, ni ban gamsu cewa Urus Lamborghini ce a ma'anar da tsofaffin motocinta Miura da Countach suke ba. Injinta V8 ne na gidan Volkswagen mai turbo biyu. Kamfanin ya rayu, ya yi arziki, amma wani abu ya ragu a cikinsa, kuma wannan shi ne abin da nake tsoron da ya samu Ferrari tun 1963, shekara hamsin kafin lokacin da za ta iya jure shi.

Hajiya Maman Sadiq, Obalende:
Injiniya, kalmarka ta ƙarshe ita ce nake ganin ta fi muhimmanci, wato lokaci. Darajar da Ferrari ke da ita yau an gina ta ne a hankali ta hanyar ƙin cika kasuwa. Shugaban Ferrari na lokacin, Luca di Montezemolo, ya riƙe adadin a wajen motoci 7,000 a shekara da gangan, kuma saɓanin da ya samu da Sergio Marchionne na Fiat kafin ya sauka a 2014 ya haɗa da wannan batu da kuma rashin nasara a tsere. An sa hannun jarin Ferrari a kasuwar New York a 2015, aka raba ta da Fiat Chrysler a farkon 2016, kuma a 2023 ta sayar da motoci sama da 13,000. Ku kwatanta da Toyota da ke sayar da sama da miliyan 10 a shekara. Tunanin kamfanin gama-gari shi ne a ƙara yawa domin kuɗin ƙera kowace ɗaya ya sauka, tunanin Ferrari kuwa shi ne a bar mai kuɗi ya yi layi yana jira. Waɗannan tunani biyu ba sa zama a kai ɗaya sai an gina katanga a tsakaninsu. Jaguar misali ne na inda katangar ta rushe a hannun Ford: an fitar da X-Type a 2001 a kan ginshiƙin Mondeo don a ninka ciniki, masu saye suka gane, sunan ya yi rauni, a 2008 aka sayar da Jaguar da Land Rover ga Tata na Indiya a kan dala biliyan 2.3. Don haka na sassauta matsayina na farko. Ford ya riƙe Aston Martin da mutunci, ya yi wa Jaguar garaje, kuma ba ni da tabbacin wanne daga ciki zai yi wa Ferrari.

Ɗalibi, Akoka:
Ina so in dawo da mu kan maganar abokin cinikin Baban Ummi, tunda Toyota ya ambata. Toyota bai sayi irin waɗannan kamfanoni ba, ya zaɓi ya gwada ƙarfinsa da kansa. Lexus LFA da ya ƙera daga 2010 zuwa 2012 guda 500 ce kawai, da injin V10 da aka yi tare da Yamaha, kamar yadda Honda ya yi NSX a 1990. Fasaha ba ta gagare su ba, abin da ba a ƙerawa a masana'anta shi ne tarihin shekara saba'in na tsere. Ta wani gefen kuma Toyota yana sayar wa Lotus injin ba tare da ya mallake shi ba. Lotus ɗin ya ratsa hannun General Motors daga 1986 zuwa 1993, sannan Proton na Maleshiya daga 1996, sannan Geely na Sin daga 2017, amma injin V6 mai lita 3.5 da ke cikin motocinsa Evora da Emira na Toyota ne, dangin 2GR.

Injiniya, Idi-Araba:
Wato injin da ke cikin Camry V6 da Highlander da Sienna da RX350, wanda kowane yaron gareji a Idi-Araba ya san inda filoginsa suke. Wannan tsarin ni ya fi kwanta mini, babba ya sayar da injin ya karɓi kuɗinsa, ƙarami ya riƙe gidansa. Sai dai ba zai yi aiki a Ferrari ba, domin Lotus sauƙin nauyi da iya kwana take sayarwa, Ferrari kuwa injin V12 ɗin shi ne kayan sayarwar tun daga motarta ta farko a 1947. Ranar da aka buɗe bonet aka ga V8 na Amurka a ciki, an gama.

Baban Ummi, Berger:
To Injiniya, Hajiya, Alhaji, bari in matsa muku kaɗan, domin har yanzu kowa yana kawo misali ne. A ce an sa hannu a 1963. Ku faɗa mini a fili abin da kuke ganin zai biyo baya, shekara bayan shekara.

Alhaji Na Kaduna, Agege:
Ni a ganina Enzo ba zai kai shekara uku a kujerar ba. Mutumin da ya bar Alfa Romeo a 1939 saboda ba ya son a riƙa ba shi umarni, wanda kuma a 1961 ya sallami manyan injiniyoyinsa da manajojinsa a lokaci guda saboda saɓanin cikin gida, ba zai zauna yana aika takardar neman izini zuwa Amurka ba. Zai fita, wasu gwanayen su bi shi, Ford ya rage da gini da suna.

Hajiya Maman Sadiq, Obalende:
Na yarda da Alhaji a kan ficewar Enzo, amma ba na jin kamfanin zai mutu nan take. Shekarun 1960 Ford yana da kuɗi kuma yana son tsere, shi ne ma ya biya kuɗin injin Cosworth DFV da ya fara cin gasar Formula 1 a 1967. Ina ganin za a samu shekara goma na nasara da yawan ciniki a Amurka, motocin su ƙara inganci ta fuskar wayarin da sanyaya injin, adadinsu ya ninka. Jarrabawar za ta zo ne tsakanin 1973 da 1975, lokacin da Maserati ta faɗi, Aston Martin ta shiga hannun masu karɓar bashi, Ferruccio Lamborghini kuma ya sayar da ragowar kasonsa ya koma gona. Idan ta tsallake wannan, akwai ta farkon shekarun 1980 da Ford ya yi asara mai yawa, sannan ta 2006 da ya yi asarar sama da dala biliyan 12, wadda ta sa ya sayar da Aston Martin a 2007.

Injiniya, Idi-Araba:
Hajiya, ni ba na jin za ta kai ta biyu. A 1970 Ford ya janye daga yawancin gasannin tsere a Amurka domin ya mai da kuɗin kan dokokin hayaƙi da na kariya daga haɗari, wato tun kafin rikicin mai ya zo. Idan a wannan shekara Ferrari tana cikin littafinsa, ƙungiyar Formula 1 ce layi mafi tsada a shafin, kuma babu Enzo da zai buga tebur a kanta. Niki Lauda ya ci wa Ferrari kambun duniya a 1975 da kuɗin Fiat, a daidai shekarar da ma'aikatan Maserati ke zanga-zanga a Modena don kada a rufe musu masana'anta, kuma tsakanin Modena da Maranello bai kai tafiyar kilomita 20 ba. A lissafina, da Ford ne mai ita, a wannan shekarar za a kai ta kasuwa, kuma mai sayen da zai fito shi ne dai Agnelli, sai dai zai karɓi kamfanin da ya yi shekara biyar ba ya tsere.